Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabar Hukumar NAFDAC Kan Garin "Fashon" Da Ake Sayar Wa Masu Ciwon Suga

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da ma'aikatan hukumarki, ina roƙon Allah Ya ƙara miki lafiya da juriya a kan wannan aiki da ba ya rabuwa da maƙiya.

Ni tsohon malamin sakandare ne. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyar da ilimin halittu kafin na ajiye alli, kuma shekarata goma sha ɗaya ke nan ina fama da ciwon suga. Wannan takarda ba da bakina kaɗai na rubuta ta ba. Muna da yawa da muke haɗuwa a bencin asibiti ranar ganin likita, tun da duku-duku, kowa da katinsa a hannu da ɗan ƙosai a leda, don ba a karyawa sai an ɗibi jini. Akwai 'yan fansho, akwai matan aure, akwai direbobi da masu facin taya, akwai 'ya'yan da suke rako iyayensu. A wannan benci ake jin duk wani sabon magani da ya shigo gari kafin likita ma ya ji. Su ne suka ce tunda ni na saba da biro, in rubuto miki.

Abin da ya tashe mu wani gari ne da ake sayarwa a roba, wani lokaci kuma busasshen ganye a ƙulli, da sunan "fashon". Turawa suna kiran ɗan itacen fashon furut, mutanen Brazil kuma suna ce masa marakuja. Tsiro ne mai yaɗo yana hawa danga kamar soso, ɗansa kamar ƙwai, wani rawaya wani ja-ja mai duhu, cikinsa baƙaƙen 'ya'ya cikin ruwa mai tsami da ƙamshi. Asalinsa daga Kudancin Amurka yake, kuma Brazil ce ta fi kowa noma shi. Yawancin mutanenmu ba su taɓa ganinsa da ido ba, kuma wannan baƙunta tasa tana cikin abin da ke sa shi farin jini. Ana tallarsa a mota mai lasifika ranar kasuwa, ana tallarsa a filin da aka saya a rediyo, ana tura shi a saƙon murya ta WhatsApp. Kalmomin ba sa canzawa: "Turawa sun yi bincike, an gwada an tabbatar, za ka rabu da suga har abada, ka huta da ƙwaya da allura."

Abin da ya sa tallar take kama mutane shi ne akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. An yi binciken. Na nemi takardun na karanta da taimakon wani tsohon ɗalibina da ke koyarwa a jami'a, kuma ina so in faɗi abin da ke ciki tsakani da Allah, don kada a ce ƙiyayya ce da maganin gargajiya ta sa ni magana.

A Brazil masana'antun lemo suna matse ruwan su zubar da ɓawon, alhali ɓawon ya kai kusan rabin nauyin ɗan itacen. Sai masana suka fara busar da shi suna niƙawa suna ba ɓeraye masu ciwon suga. A gwaje-gwaje da dama sugan ɓerayen ya sauka, wani lokaci har da kitsen jini. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɓawon yana ɗauke da wani sinadari mai suna fektin, wanda idan ya haɗu da ruwa a ciki yake yin kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa, sai ya hana sugan abinci shiga jini da gudu. A wani gwaji da aka buga a 2011 an tace fektin ɗin shi kaɗai aka ba ɓeraye na kwana biyar, aka ga sauƙi. A Indiya, a 2012, an gwada ruwan ganyen wani ɗan'uwan wannan tsiro a kan ƙananan ɓeraye, shi ma ya sauke suga. A Japan kuma hankalinsu ya tafi kan 'ya'yan cikin, inda suka ciro wani sinadari da ake kira fisiyatanol, dangin wanda ke cikin fatar inabi, suka nuna a 2015 cewa yana rage suga a jikin ɓeraye masu ƙiba. Duk wannan aiki ne na ilimi, kuma ban raina shi ba. Wanda ya san tarihin insulin ba zai raina gwajin dabba ba, domin a kan karnuka Banting da Best, masanan da suka gano shi, suka fara aikinsu a Toronto a 1921, kafin a yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurar a watan Janairun 1922 ya tashi daga bakin kabari.

Sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Ki ba ni dama in ɗan tsaya a nan, don a nan ne mai talla yake yin tsalle ya wuce.

Ɓeran ɗakin gwaji ba ya kamuwa da suga irin yadda ni da abokan bencina muka kamu. Yawanci allura ake yi masa da wata guba, aloksan ko sitireftozotosin, wadda take zuwa ta kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin fankiriyas, wato gaɓar da ke kwance a bayan tumbi. Cikin 'yan kwanaki lafiyayyen ɓera ya zama mai ciwo. Mu kuwa, kusan tara cikin goma na masu suga, irin na biyu ne da mu, wanda yake shigowa a hankali cikin shekaru, tare da hawan jini da ƙiba da tsufa da gadon iyaye. Ɓerayen matasa ne, jinsi ɗaya, abinci ɗaya, ɗaki ɗaya, kuma sau da yawa ba su wuce shida ko takwas ko goma a kowane rukuni ba. Gwajin yakan ƙare cikin kwanaki ko 'yan makonni. Abin da aka ba su an auna shi da sikeli gwargwadon nauyin jikinsu, an san ɓangaren tsiron da aka ɗauka, an san da me aka tace shi. Ba wanda ya zauna ya jira ya ga ko ɓeran zai makance bayan shekara goma, ko ƙodarsa za ta tsaya, tunda duka rayuwar ɓera ba ta wuce shekara biyu zuwa uku. Mu kuma abin da muke tsoro ke nan: ido, da ƙoda, da ƙafa, da shanyewar ɓarin jiki. Masu harhaɗa magunguna da kansu sun san cewa cikin magunguna goma da suka tsallake gwajin dabba aka fara gwada su a jikin mutane, kusan tara ba sa kai labari.

To shi wannan gari, an kai shi jikin mutane? An kai, kuma nan ne labarin ya fi daɗin ji, amma ban taɓa jin mai lasifika ya ba da shi ba. A arewa maso gabashin Brazil an ba mutum 43 masu suga irin na biyu giram 30 na garin ɓawon kullum har wata biyu, aka buga sakamakon a 2012, kuma sugansu ya ragu idan aka kwatanta da yadda suka fara. Masu binciken da kansu a matsayin ƙari a kan maganin asibiti suka ambace shi. Bayan shekara biyar, a 2017, wasu masana a ƙasar suka sake gwaji mai tsauri da mutum 54, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suna cin garin sau uku a rana har mako takwas, wasu ba sa ci. Da aka zo ƙarshe ba a ga wani bambancin a zo a gani ba tsakanin gidajen biyu. Ke nan a ƙasar da aka fi sanin wannan tsiro, aka fi noma shi, aka fi bincikensa, maganar ba ta zauna ba. A kasuwarmu ne kawai ta zama "an tabbatar".

Kukanmu na farko ke nan, ranki ya daɗe: ana ɗaukar sakamakon ɓera a sayar wa ɗan Adam a matsayin waraka, kuma ana yi a bainar jama'a da rana tsaka. Dokar Abinci da Magunguna ta ƙasar nan, tun ta 1974, ta hana a tallata wa jama'a wani abu da sunan yana warkar da wasu jerin cututtuka, kuma ciwon suga yana cikin jerin. Ban kawo miki wannan don ba ki sani ba. Na kawo ne don in shaida miki cewa a inda muke, da harshen da muke ji, dokar ba ta iso ba tukuna.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai, don ya shiga har cikin gidanmu. Yayata, wadda ta goye ni, ta haura shekara sittin da biyar, kuma ta daɗe a kan metfomin, ƙwayar suga ta asibiti. Wata rana na je gaishe ta na tarar tana ɗingishi, ta naɗe ƙafa da tsumma. Ta ce ƙaya ce ta soke ta a tsakar gida, ba wani abu ba. Da na kwance tsumman sai wari ya buge ni. Na ce Yaya, ina maganinki? Ta yi shiru, ta kawar da kai. Jikarta ce ta je bayan jeren kwalla ta ɗauko mini fakitin ƙwayoyin, wata biyu cur ba a ɓalle ko ɗaya ba, tare da wata farar roba mai hoton ɗan itace. Na tambaye ta wa ya ce ta bar magani. Ta ce, "Ai wannan ya fi, kuma ka duba da kyau, da lambar gwamnati a jiki." A asibiti injin gwaji ya nuna sama da 400. Ta yi mako uku a kwance, ta fito babu yatsu biyu. Wanda ya sayar mata kuwa har yau motarsa tana zuwa kasuwarsu.

Wannan magana tata ta "lambar gwamnati" ita nake so ki riƙe. Ni na san cewa lambar da hukumarki ke ba maganin gargajiya, mai harafin L a ƙarshe, shaida ce kawai cewa an duba ba a ga illa a gwajin da aka yi ba, kuma ta ɗan lokaci ce. Na san akwai layin da doka ta ce a rubuta a jikin roba, cewa hukuma ba ta tantance iƙirarin da ake yi ba. Amma da Turanci ake rubuta shi, da ƙananan haruffan da ni mai tabarau ma sai na kai bakin taga. Yayata Ajami take karantawa. Ko lambar ta gaske ce ko ta bogi, abin da ta fahimta ɗaya ne, gwamnati ta ce yana magani. Mai talla kuma ya san haka, shi ya sa yake karanto lambar da ƙarfi sau uku, ya haɗiye sauran.

Na uku, me ke cikin robar? Garin da na karɓe a hannun Yaya na shinshina, na ɗanɗana, na jiƙa a kofi. Zai iya zama ɓawon fashon, zai iya zama dusa da garin zogale. A ƙasar da ɗan itacen yake wahalar samu a kasuwa, ina ake samun ɓawon da zai cika waɗannan robobi duka? Idan ma na gaske ne, akwai abin lura. Ganyen wannan tsiro da ɗanyen ɗansa suna ɗauke da sinadaran da ke sakin guba irin ta rogo mai ɗaci, wanda kowace mace a ƙauye ta san ba a ci sai an jiƙa an shanya. Wani ɗan'uwansa kuma, wanda aka gwada a Indiya, a Turai don kwantar da hankali da sa barci ake shan sa, ga shi a bencinmu akwai direbobin manyan motoci. Akwai kuma tsohuwar dabarar marasa tsoron Allah, ta daka ƙwayar asibiti a cikin garin gargajiya don a ga aiki nan take. A shekarar 2000 hukumomin lafiya a Amurka sun kama wasu magungunan ganye na masu suga da aka cakuɗa da ƙwayoyin asibiti masu sauke suga, gilibenkilamaid da fenfomin, alhali shi fenfomin tun ƙarshen shekarun 1970 aka janye shi a can saboda yana kisa. Mutumin da ke shan ƙwayarsa ta asibiti ya ƙara da irin wannan gari, musamman da azumi a bakinsa, sugansa zai iya faɗuwa ƙasa da 70, gumi ya karyo masa, jiki ya ɗau rawa, ya yanke jiki ya faɗi, a ce aljanu ne.

Ba zan ɓoye miki dalilin da ya sa mutanenmu suke ruguwa ba, don ba wauta ce ke kai su ba. Tun da aka saki Naira a tsakiyar 2023 kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi, wasu manyan kamfanonin magani na waje kuma suka naɗe tabarmarsu suka bar wa dillalai. Ɗan fansho yana zuwa kemis ya tambayi kuɗin insulin ya juya ba tare da ya ce uffan ba. Tsinken gwajin suga ma sai an yi lissafi. Ƙididdigar ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta 2021 ta ce manya kusan miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu shi ba su ma san suna da shi ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: gidan rediyon da ya karɓi kuɗin fili bai tambayi komai ba yana da nasa kason, haka malamin jami'ar da ya gwada ganye a kan ɓeraye talatin don neman ƙarin girma, ya bari jarida ta buga cewa ya gano maganin suga, bai fito ya gyara ba. Mu ma da muke tura saƙon murya ba mu bincika ba, ba mu fita ba.

Ga abin da muke roƙo.

A tilasta cewa duk maganin gargajiyar da za a sayar a Arewa ya ɗauki wancan gargaɗi da Hausa, da boko da Ajami, da haruffan da tsohuwa za ta gani ba sai ta kira jika ba. A ƙara masa layi ɗaya a kan duk abin da ya shafi suga: kada ka daina maganin asibiti sai da izinin likita. Duk tallar da za a yi a rediyo ko a lasifika, a karanta wannan gargaɗi da murya, da saurin da aka karanta sauran tallar, ba a guje ba.

Ki zauna da hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC da hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, a sa mutanen da suke jin Hausa su riƙa sauraron filayen da ake saya. Wanda ya ce "an yi bincike", a ce ya kawo takardar. In a kan ɓera aka yi, ya faɗa da bakinsa cewa a kan ɓera aka yi. Na tabbata rabin cinikin zai mutu daga wannan kalma ɗaya.

A aiko ma'aikata su sayi waɗannan robobi a kasuwanninmu kamar kowane mai saye, a kai ɗakin gwaji a duba ko akwai fashon a ciki, ko akwai ƙwayar asibiti, ko akwai gubar da na ambata, sannan a faɗa mana sakamakon a rediyo da Hausa, da sunan kowane magani. Mun ji akwai manhajar Med Safety ta kai rahoton illar magani, kuma abu ne mai kyau, amma mutanen bencinmu da yawa ƙaramar waya ce a hannunsu. Lambar da za a kira a yi magana da mutum mai jin Hausa ta fi mana amfani.

Roƙon ƙarshe ya fi sauran nauyi, kuma na san ba a hannunki kaɗai yake ba. Muna so a gwada. Metfomin ɗin da nake haɗiya safe da yamma daga wani tsiro na Turai aka samo asalinsa, wanda shi kansa tsiron yana da dafin da ke kashe tumaki, sai da masana suka yi shekaru suna tacewa kafin wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a jikin mutane a 1957. A nan gida ma an taɓa yi. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya, wanda a cikinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa, ta bi da shi mataki-mataki har zuwa gwaji a jikin masu sikila, ya zama Niprisan. Hanyar tana nan, an taɓa bin ta. Ki yi amfani da kujerarki ki haɗa wannan cibiya da hukumar bunƙasa magungunan gargajiya ta ƙasa da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, a ɗauki garin fashon, a haɗa da namu na gida da mutane suka daɗe suna sha don suga, irin su zogale da shuwaka da garahuni, a gwada su a jikin masu ciwon da suka yarda, ƙarƙashin idon likita, ba tare da an raba kowa da maganinsa ba. Wanda ya yi aiki a faɗi adadin da za a sha da wanda bai kamata ya sha ba. Wanda bai yi ba a faɗa, a huta.

Idan aka tashi neman waɗanda za a gwada a kansu, ba sai an sha wahala ba. Na tambayi mutanen bencinmu ranar ganin likita da ta wuce, mutum goma sha ɗaya suka ɗaga hannu, ni ne na goma sha biyu. Robar da na karɓe a hannun Yaya kuma tana nan a ajiye a cikin kabad ɗina, da sauran gari kusan rabi a ciki, duk ranar da ma'aikatanki suka buƙace ta zan kai musu da kaina.

Allah Ya taimake ki, Ya yi miki jagora.

Naki cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta mai fama da ciwon suga, a madadin abokan bencinsa.